Tafkin Shaƙatawa da Ya Cinye Garin Johnstown

Ranar 31 ga Mayun 1889, da misalin ƙarfe uku na rana, madatsar ruwa ta South Fork da ke jihar Pennsylvania a Amurka ta ɓalle. Ruwa mai nauyin kimanin tan miliyan 20 ya gangara kwari, yana tafe da itatuwa da gidaje da taragun jirgin ƙasa, kafin awa guda ya isa Johnstown mai nisan kilomita 23. Mutum 2,209 suka rasu. Abin da ke ci wa mutum rai shi ne, ba don sha aka tara ruwan nan ba, ba kuma don noma ba. Wata ƙungiyar attajiran Pittsburgh, irin su Andrew Carnegie da Henry Clay Frick, ita ta mallaki tafkin don 'ya'yanta su riƙa kamun kifi da yawo a kwale-kwale lokacin zafi.

Gwamnatin jihar ce ta gina madatsar, ta kammala a 1853, da ƙasa da duwatsu, tsayinta mita 22. Daga baya ta yi ta sauya hannu, ta ma taɓa ɓallewa a 1862. Kafin ƙungiyar ta saye ta a 1879, an riga an cire bututun ƙarfe biyar da ke gindinta an sayar, kuma sababbin masu ita ba su mayar da su ba. Waɗannan bututu su ne kaɗai hanyar rage ruwa idan za a yi gyara ko an hango damina mai nauyi. Ramin da ɓallewar farko ta bari kuwa, laka da ciyawa da rassan itace aka cusa masa.

Madatsar ƙasa tana iya riƙe ruwa shekara ɗari muddin yana zaune a bayanta, amma ba ta jure ya bi ta kanta. Da zarar ya tsallake, sai ya fara zaizaye bayanta, ƙaramin kwazazzabo ya zama wawakeken rami cikin 'yan awoyi. Shi ya sa ake yanka mata makwarara a gefe, inda rarar ruwa za ta wuce ba tare da ta taɓa jikin ginin ba. A South Fork an yi wa wannan kariya illa biyu. An rage tsayin madatsar da ƙafa biyu zuwa uku don hanyar da ke samanta ta ɗauki keken doki biyu, sannan an kafa ragar ƙarfe a bakin makwararar don kada kifin da aka zuba ya tsere. Ranar da aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, tarkace ya toshe ragar.

Ba a rasa mai gargaɗi ba. A 1880 Daniel Morrell, shugaban kamfanin ƙarfe na Cambria da ke Johnstown, ya tura injiniyansa John Fulton ya duba madatsar. Fulton ya nuna rashin bututun da raunin gyaran da aka yi, shugaban ƙungiyar ya yi watsi da rahoton. Bayan bala'in, babu kotun da ta ɗora wa ƙungiyar biyan diyya.

A ganina nan ne matsalar irin waɗannan tafkuna take. Masu morar ruwan suna sama, masu ɗaukar haɗarinsa suna ƙasa, kuma tunda madatsar ba ta sayar da wuta ko ruwan famfo, kuɗin gyaranta ne ake fara yankewa. Mutanen Kano da suka ga ɓallewar madatsar Bagauda a Agustan 1988, wadda a lokacin akwai otal ɗin shaƙatawa a bakin tafkinta, sun san cewa zancen bai tsaya a Amurka ba.

Yawancin aikin kula da ƙaramar madatsa ba na manyan injina ba ne, na ƙafa da ido ne. Ana barin gajeriyar ciyawa a jikinta don ta riƙe ƙasa, ana kuma yanke ta don a ga abin da ke ƙarƙashi. Itace ba shi da wuri a kanta komai daɗin inuwarsa, domin idan ya mutu saiwarsa na ruɓewa ta bar wa ruwa hanya, idan iska ta tumɓuke shi kuma ya tafi da wani yanki na ginin. Haka ramin gafiya da gidan gara. Sai yoyo: kusan kowace madatsar ƙasa tana ɗan tsattsafo ta gindi, wannan ba abin tsoro ba ne in ruwan garau yake kuma bai ƙaru ba. Idan ya fara fitowa da laka, to cikinta yake kwasowa, a kira injiniya nan take, a fara rage ruwa. Makunnin bututun ma sai ana juya shi lokaci zuwa lokaci, in ba haka ba tsatsa ta kama shi, ranar buƙata ya ƙi motsi.

Akwai kuma shirin da ake yi tun ana zaman lafiya: a san gidajen da ruwa zai bi ta kansu, wa zai buga wa wa waya, ina jama'a za su nufa. A 2018 hukumar makamashi ta tarayyar Amurka ta ƙwace lasisin madatsar Edenville a jihar Michigan saboda makwararar ruwanta ta yi kaɗan. Ranar 19 ga Mayun 2020 ta ɓalle, tafkin Wixom da gidajen hutu suka kewaye ya tsiyaye, ruwa ya shiga garin Midland. Dukiya mai yawa ta salwanta. Amma jami'an yankin sun ba da umarnin tashi tun kafin ginin ya rufta, an kwashe mutum sama da 10,000, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba.