3.4 Yankan Furotin a Jikin Tantani da Tasirinsa ga Saƙon Girma

Kamar yadda aka bayyana a sashen da ya gabata, ƙwayar halitta ba ta rabuwa gida biyu sai ta sami umarni daga waje. Wannan umarni yakan zo ne ta hanyar sinadaran girma, irin su EGF wanda Stanley Cohen ya gano a shekarar 1962 a ƙasar Amurka. A nan za a duba yadda ake sakin waɗannan sinadarai.

Abin lura shi ne, ƙwayar halitta takan ƙera wasu sinadaran girma ne a matsayin dogon furotin da ke kafe a jikin tantaninta, wato fatar da ta kewaye ta. Alal misali, sinadarin TGF-alfa yakan fara da amino asid 160, amma guda 50 kawai ake saki. Masu wannan yanka wasu furotin ne da ke aiki tamkar almakashi, kuma fitattu daga cikinsu su ne ADAM10 da ADAM17. Da zarar an yanke sinadarin, sai ya je ya manne wa makarɓinsa mai suna EGFR. Daga nan makarɓa biyu su haɗu, su aika saƙo zuwa cibiyar ƙwayar cewa ta rabu.

Masana sun tabbatar da muhimmancin wannan mataki a shekarar 1998, inda aka samar da ɓeraye marasa ADAM17 mai aiki. An haife su idanu a buɗe, da naƙasa a fata da gashi, kuma akasarinsu suka mutu dab da haihuwa ko jim kaɗan bayanta.

Haka kuma, yankan yakan faɗa kan makarɓin shi kansa. A wani nau'in sankarar mama, akan yanke ɓangaren waje na makarɓin HER2, a bar guntun da ke ci gaba da aika saƙo ba tsayawa. Maganin trastuzumab ba ya iya kama wannan guntu, domin wurin da yake kamawa ya riga ya tafi.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa samar da sinadarin girma kaɗai bai wadatar ba, sai an yanke shi a lokacin da ya dace. Idan yankan ya gaza, girma ya tauye. Idan ya yi yawa, ƙofar sankara ta buɗe ke nan.