BABI NA UKU: SAMAR DA WUTAR LANTARKI DAGA GAƁA GA JIRAGEN RUWA MASU DAKON MAI

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi bayani a kan ire-iren jiragen ruwa masu dakon mai da yadda ake yi musu lodi. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin bayyana yadda ake jona wa irin waɗannan jirage wutar lantarki daga gaɓar teku a lokacin da suke tsaye a tasha, da haɗarin da ke tattare da yin haka, da kuma dabarun da masana suka fito da su domin kauce wa gobara. Duk da cewa Zariya ba ta kusa da teku, al'amarin ya shafe ta, domin wani kaso na man da ake sayarwa a gidajen mai na Tudun Wada da Kwangila sai da ya bi ta cikin jirgin ruwa kafin a zuba shi a tankar mota. Haka kuma halin fetur da halin lantarki ba sa canzawa, ko a Apapa ne ko a bakin titi.

3.1 Dalilin Jona wa Jirgi Wuta daga Gaɓa

Idan jirgin ruwa ya iso tasha, babban injin da ke tuka shi ne kawai ake kashewa. Ƙananan injinansa, wato janaretoci, suna ci gaba da aiki dare da rana, saboda fitilu da firij da na'urorin sadarwa da famfuna duk lantarki suke buƙata. Waɗannan janaretoci suna ƙona man gas ko baƙin mai, suna fitar da hayaƙi da ƙara a tsakiyar gari. Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar da kowane shago ya tayar da janareta ya san irin wannan damuwa, sai dai na jirgi ya ninka na shago nesa ba kusa ba, domin da megawat ake auna ƙarfinsa.

Maganin da aka samo shi ne a kashe janaretocin, a ja kebul daga gaɓa a jona wa jirgin wutar gari. Tashar Gothenburg ta ƙasar Suwidin ta fara bai wa jiragen dakon kaya wuta mai ƙarfi ta wannan hanya a shekarar 2000. A shekarar 2012 aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba 80005-1, wadda ta tsara yadda za a yi jonin, ta kuma tsayar da ƙarfin wutar a kan bolt 6,600 ko 11,000. Jiragen fasinja da na kwantena sun yi nisa a wannan fanni, amma na dakon mai an bar su a baya, saboda dalilin da za a gani nan gaba.

3.2 Haɗarin da ke Tattare da Jirgin Mai

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su haifar da gobara: abin da zai ƙone, da iska, da abin da zai kunna. A jirgin mai, biyun farko kullum suna nan. Shi fetur yana fitar da tururi ko da a cikin tsananin sanyi, kuma tururin nan ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, sai dai ya kwanta a ƙasa ya bi lunguna. Idan yawansa a cikin iska ya kai kimanin kashi 1 zuwa kashi 8 cikin ɗari, ɗan tartsatsin da ido ba ya ko gani ya isa ya tayar da wuta. Ke nan abin da ya rage a hannun ma'aikata shi ne hana na ukun samuwa.

Tarihi ya tabbatar da haka. A watan Disamba na 1969 manyan jiragen mai guda uku, wato Marpessa da Mactra da Kong Haakon VII, suka fashe ɗaya bayan ɗaya a yayin da ake wanke tankunansu, har Marpessa ya nutse a tekun da ke daura da Senegal. Bincike ya ɗora alhakin a kan lantarkin gogayya, wanda feshin ruwan wanki ke tarawa a cikin tanki. Bayan wannan ne aka yawaita cika sararin tankuna da iskar da ba ta cin wuta, ta yadda iskar oksijin ba za ta wuce kashi 8 cikin ɗari ba. Amma wannan dabara cikin tanki kawai take karewa. A saman jirgi, musamman tsakiyarsa inda ake haɗa bututan sauke mai, tururi na iya fitowa a kowane lokaci. Shi ya sa ake ɗaukar wurin a matsayin yankin haɗari, inda ba a yarda da kowace irin na'urar lantarki ba sai wadda aka ƙera musamman don kada ta fitar da tartsatsi. To, kawo kebul mai bolt 6,600 irin wannan wuri ba ƙaramin al'amari ba ne.

3.3 Matsalar Wurin Joni

Tambayar farko da masu ƙira ke fuskanta ita ce: ta ina kebul zai shiga jirgi? Amsoshi biyu aka gwada.

Ta farko ita ce a jona ta bayan jirgi, nesa da tankuna. Tashar Long Beach ta jihar Kaliforniya a Amurka ita ce ta fara jona wa jirgin mai wuta a shekarar 2009, kuma jirgin shi ne Alaskan Navigator. Amfanin jonin baya shi ne wurin yana wajen yankin haɗari. Illarsa kuwa ita ce tsawon jirage ya bambanta. Shi jirgin mai a kullum tsakiyarsa ake daidaitawa da bututan tasha, saboda haka bayan dogon jirgi da na gajere ba sa tsayawa wuri ɗaya, kuma sau da yawa bayan kan zarce ginin matsayar, har sai an gina wani dandamali na daban a cikin ruwa domin ɗaukar kebul.

Ta biyu ita ce a jona a tsakiya, inda ƙugiyar ɗaga kaya ta jirgin take. Wannan ya dace da kowane jirgi, amma a cikin yankin haɗari yake. Dabarar da ake yi ita ce a sanya soket a cikin wani rufaffen ɗaki ko akwati, a fara kore iskar da ke ciki, sannan a riƙa hura masa tsabtatacciyar iska ko iskar naitirojin, ta yadda matsin ciki zai fi na waje, tururin mai ba zai sami hanyar shiga ba. Da zarar matsin ya ragu, wutar za ta yanke da kanta. A shekarar 2023 aka jona wa jirgin mai mai suna Tern Fors wuta a tashar Gävle ta Suwidin.

3.4 Matakan Kariya

Na ɗaya, dole ne wutar gaɓa ta dace da ta jirgi. Wutar Nijeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, alhali yawancin manyan jiragen ruwa suna amfani da mai juyawa sau 60. Idan aka jona su haka nan, famfunan jirgi za su rage gudu, wasu na'urori kuma su yi zafi. Saboda haka sai tasha ta tanadi na'urar sauya juyawar wuta, da taransifoma da za ta raba wutar jirgin da ta gari.

Na biyu, ba a taɓa kebul yana ɗauke da wuta. Kafin a ɗaga shi sai an yanke wuta ta ɓangarorin biyu, an haɗa wayoyinsa da ƙasa domin zubar da sauran lantarkin da ya maƙale a ciki. An ƙera makunnan ta yadda ɗaya ba zai kunnu ba sai an bi ta kan na gabansa, don kada mantuwa ko gaggawa ta sa a tsallake mataki.

Na uku, a cikin kebul ɗin akwai ƙananan wayoyi masu gadi. Idan filogi ya saki, ko kebul ya ɗame fiye da kima, ko wani ya danna maɓallin gaggawa, nan take wutar za ta ɗauke. Wannan yana da muhimmanci domin jirgi ba ya tsayawa cik: yana ɗagowa sama yayin da ake sauke mai, kuma cikar teku da janyewarsa suna motsa shi.

Na huɗu, ba a kashe janareta kafin a karɓi wutar gaɓa. A gidajenmu idan aka kawo wuta, akan ja makunnin canji, fitilu su ɗauke na ɗan lokaci sannan su dawo. A jirgin mai ana gudun wannan ɗaukewa, don haka sai a daidaita wutar janareta da ta gaɓa su tafi tare na ɗan taƙaitaccen lokaci, a mayar da nauyin a hankali, sannan a kashe janareta.

Na biyar shi ne mafi sarƙaƙiya. Jikin jirgi da ƙarafan matsaya suna cikin ruwan gishiri, kuma kowanne yana da tsarin lantarki mai hana tsatsa. Wannan kan sa su zama kamar ƙafafun batir guda biyu. Idan bututun ƙarfe ya haɗa su, lantarki zai bi ta cikinsa, kuma a lokacin kwance shi tartsatsi na iya tashi daidai inda mai yake ɗiga. Don haka ake sanya wani zobe da ba ya wuce da lantarki a jikin bututun. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙa'idar jonin wuta ta wajabta haɗa jikin jirgi da ƙasa ta waya, domin kada wuta ta ja ma'aikaci. Abin lura a nan shi ne, dole wayar ƙasan ta kasance ita ce hanya ɗaya tilo, a haɗa ta a kwance ta a wurin da tururi ba ya kaiwa, sannan a riƙa gwada zoben bututu a kai a kai.

3.5 Iyakar Amfanin Wannan Tsari

Ba kowane jirgin mai ne ke cin cikakkiyar moriyar wutar gaɓa ba. Manyan jiragen ɗanyen mai da yawa da ƙarfin tururi suke juya famfunansu, saboda haka tukunyar tururin za ta ci gaba da ƙona mai ko an jona wuta. Waɗanda suka fi amfana su ne masu famfunan lantarki. Dokokin ƙasashe ma sun bambanta: dokar Tarayyar Turai ta 2023 ta wajabta jonin ga jiragen kwantena da na fasinja daga 2030 ba tare da ta haɗa da na mai ba, ita kuwa dokar Kaliforniya ta 2020 ta sanya jiragen mai cikin masu rage hayaƙi a tasha daga 2025.

3.6 Dangantakar Wannan da Nijeriya

Idan aka duba Nijeriya za a ga cewa wuraren lodin ɗanyen mai irin su Forcados da Escravos can cikin teku jirage ke ɗaurewa, inda jan kebul ke da wuyar gaske. Matsayun da ke jikin gaɓa, kamar na Apapa, su ne tsarin zai fi dacewa da su. Amma sharaɗin farko shi ne wuta tsayayya. Babban layin wutar ƙasa ya faɗi sau da dama a 2024, kuma a watan Oktoba na shekarar yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda a cikin duhu. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar sauke mai takan tsayar da famfuna farat ɗaya, wanda hakan kan jijjiga bututu. Ke nan tashar da ke son wannan tsari sai ta mallaki amintacciyar hanyar samun wuta.

Darasin ya shafi tankokin mota ma. A ranar 18 ga Janairu, 2025, wata tankar fetur ta faɗi a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Rahotanni sun nuna cewa wuta ta tashi ne a lokacin da ake ƙoƙarin juye man zuwa wata tanka da taimakon janareta, inda mutane fiye da 80 suka rasa rayukansu. Wannan shi ne ainihin abin da duk matakan da aka lissafa suke ƙoƙarin hanawa, wato haɗuwar tururin mai da tartsatsi. Mai gidan mai da ke sauke tanka ba tare da maƙala mata wayar ƙasa ba, da ɗan bumburutun da ke ajiye jarkoki kusa da janareta, duk ƙa'ida guda suke karyawa.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa jona wa jirgin mai wuta daga gaɓa yana rage hayaƙi da ƙara a tasha, amma yana kawo lantarki mai ƙarfi kusa da abin da ya fi komai saurin kamawa da wuta. An kuma ga cewa kariyar ta dogara ne a kan zaɓen wurin joni, da hana tururi isa ga soket, da yanke wuta kafin a taɓa kebul, da kula da hanyar da lantarki ke bi zuwa ƙasa. A babi na huɗu za a duba yadda ake aiwatar da makamantan waɗannan matakai a daffo-daffon mai da gidajen mai na ƙasar Hausa.