Bayan tsira daga ciwon daji: yaran da karatu ke yi wa wuya

A shekarar 2021 ne Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai ta fara jinya da na'urar haske mai ƙona ƙwayoyin cutar, abin da a da sai an fita waje. Sai dai yaron da ya tsira yakan tarar da wata gwagwarmayar a aji.

Hasken da ake yi wa kai, da maganin methotrexate da ake zubawa ta ƙashin baya ga masu sankarar jini, kan taɓa ƙwaƙwalwar da ke girma. Bayan shekaru sai a ga yaro na mantuwa, hankalinsa ba ya tsayawa, a ɗauka lalaci ne, har a kai ga bulala.

A asibitin St. Jude na Amurka an gwada methylphenidate, wato Ritalin, kan irin waɗannan yara. Bayan shekara guda natsuwarsu da mu'amalarsu sun inganta, amma ƙoƙarinsu a karatu da lissafi bai ƙaru ba. Maganin kuma yana rage cin abinci, yana hana barci.

Yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta tsaurara wa doka, don haka bai kamata 'yan uwa da ke ƙetare su aiko da shi babu takardar likita ba. Matakin farko shi ne iyaye su sanar da malami tarihin jinyar, a zaunar da yaron gaban aji, sannan a mayar da shi wurin likitansa.