Hanyar Zama Ma'aikacin Gashin Ƙashi

Duk wanda ya taɓa shiga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ya ga mutanen da aka yi wa ɗori, ƙashi ya kama, amma ƙafa ta ƙi takawa. Daga nan aiki sai ya koma hannun mai gashin ƙashi. Shi ke gasa gaɓoɓi, ya motsa su, har ya sake koya wa mai shanyewar ɓarin jiki riƙon cokali.

Waɗansu Turawan Ingila biyu suka kawo wannan aiki Asibitin Igbobi na Ikko cikin 1945. Jami'ar Badun kuwa ta soma karatun digirinsa cikin 1966. Yanzu har a Jami'ar Bayero ana koyar da shi.

To, malamai, a hannunku maganar take. Lalle ne yaro ya ci Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji a sakandare, sa'an nan ya ci jarrabawar JAMB. Wanda ya saki kimiyya tun yana aji huɗu ya toshe wa kansa hanya, sau da yawa kuwa ba wanda ya gargaɗe shi. Karatun jami'a shekara biyar ne ko shida, sai shekara guda ta koyon aiki a asibiti, kana hukuma ta ba shi cikakken lasisi.