Haɗa Hedifon Mara Waya da Talabijin: Abin Lura Kafin a Saya

Hedifon mara waya, wato abin sauraron da ake ɗorawa a kunne ba tare da igiya ba, yana da amfani a gidajen Jega da Maiyama da kuma ɗakunan ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, inda mutum kan so kallon ƙwallon Turai ko fim da dare alhali na kusa da shi suna barci. Yana aiki ne da Bluetooth, fasahar da ke aika sauti ta iska a tazarar kusan mita 10, kuma ba kowace talabijin ce ke ɗauke da ita ba, ko da kuwa mai faɗi ce. Saboda haka wajibi ne a fara duba sashen sauti a cikin saitin talabijin kafin a nufi kasuwa.

Idan babu Bluetooth, mafita ita ce ƙaramar na'urar da ake kira tiransimita, wadda ke karɓar sauti daga talabijin ta tura shi zuwa hedifon, kuma a nan ne masu saye suka fi yin asara, domin akwai wata mai kama da ita, risiba, wadda karɓa kawai take yi. Mai turawa takan ɗauki alamar TX, mai karɓa kuma RX. Haka nan ramukan nan ja da fari na bayan talabijin galibi na shigar da sauti ne, don haka ramin iyafis na talabijin ko kuma ja da farin da ke bayan dikoda su ne suka dace, ramin USB kuwa galibi wuta kaɗai yake bai wa na'urar. Tiransimita mai araha sosai takan sa magana ta riƙa zuwa bayan bakin mai magana ya motsa.

Babban haɗarin yana ga kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin sauti, na tsawon sa'o'i 40 a mako, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Duk wanda ba ya jin sallamar mai shigowa, ko kunnensa ke ƙugi bayan ya cire hedifon, ya rage ƙarar, idan ƙugin ya ƙi tafiya kuma ya garzaya asibiti.