Hunturu ake, ga AC a kunne: yara za su yi mura?

Uwargida, in kun yi sammakon Alhamis daga Gumel zuwa kasuwar Maigatari, kika ga fitilar AC ta kama alhali motar tana kan AUTO, kada ki ce Maigida zai sa wa yara mura. Motar tana bi da iskar ta cikin AC ya tsotse danshinta, sannan zafin inji ya ɗumama ta kafin ta iso muku. An rufe tagogi saboda ƙura, numfashinku ya taru. In aka kashe AC ɗin, gilashin gaba na iya yin gumi, direba ya kasa hango shanun da ake korawa kasuwa. A saita lambar a 23. Iskar dai busasshiya ce, ki shafa wa yara man kaɗe a leɓe.