KUNKURUN RUWA: BAƘONMU NA DAMINA



Da zarar ruwa ya sauka, tafkuna da kududdufai sun cika a ƙasar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, sai ka ga yara da ɗan kunkuru a hannu. Shin daga ina ya fito, alhali babu kogi kusa?

To, dama yana nan tare da mu. Idan tafki ya fara ƙafewa, sai ya tona laka ya shige, ya kwanta ba ci ba sha har rani ya wuce. Ruwan farko ne ke tashinsa.

Kada ka haɗa shi da kunkurun tudu mai cin ganye, ko kififiya mai laushin baya irin ta kogin Haɗejiya. Alamarsa ita ce, in ya tsorata ba ya janye kansa ciki kai tsaye, lanƙwasa wuya yake yi gefe guda. Yakan kuma saki wani ruwa mai ɗoyi don a rabu da shi. Tsawonsa galibi bai wuce santimita 20 ba. A shekarar 2014 masana suka bayyana cewa ashe ba iri ɗaya ba ne a Afirka, ya kai iri 10.

Abincinsa nama ne: talibambam, tana, ƙwari, dodon koɗi da ƙananan kifi. Tuwo da ƙanzo ba cimarsa ba ce.

In ka kawo shi gida, ga haƙƙinsa a kanka:

1. Sa shi a baho ko kwatarniya mai faɗi, da ruwan da zai rufe bayansa, domin a cikin ruwa yake cin abinci.
2. Ajiye dutse a ciki don ya hau ya sha hantsi, amma rabin mazubin ya kasance a inuwa. Ranar garinmu tana iya kashe shi.
3. Ba shi fara, shinge ko tana, ka riƙa sauya ruwan.
4. Kada ka huda bayansa ka ɗaura igiya. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙarinsa, kuma yana jin zafi.
5. Kada a jefa shi rijiya ko randa. Yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa gudawa, saboda haka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa shi.

Ɗalibi, ka tuna darasinmu na hadisi game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. In ba za ka iya ba, mayar da shi tafkin da ka ɗauko shi tun laka ba ta bushe ba, domin ya samu wurin kwanciyar rani.

Allah Ya sa mu zama masu tausayi, amin.